Washington: Birnin da ke biyan haraji amma ba shi da ƙuri'a a majalisa

Ƙidayar jama'a ta 2020 ta nuna cewa mutum 689,545 ne ke zaune a Washington, babban birnin Amurka, adadin da ya zarce yawan mutanen jihar Wyoming, ya kuma zarce na jihar Vermont. Kowacce daga cikin jihohin nan biyu tana da sanatoci biyu da ɗan majalisar wakilai guda, amma mutanen birnin da majalisar take zama a cikinsa ba su da sanata ko ɗaya. Kujerar da aka ba su a majalisar wakilai, wadda Eleanor Holmes Norton ta hau a 1991, mai ita yana iya magana, ya gabatar da ƙudiri, ya kaɗa ƙuri'a a kwamiti, sai dai idan aka zo zartar da doka a zauren majalisa ba a ƙirga hannunsa. Mutanen nan suna shiga aikin soja, kuma idan aka raba harajin tarayya a kan kowane mutum, abin da suke biya ya fi na mazauna kowace jiha. Shi ya sa tun shekarar 2000 lambobin motocin birnin suke ɗauke da ƙorafin cewa ana karɓar haraji ba tare da wakilci ba, wato dai kukan da Amurkawa suka yi wa Ingila kafin su ƙwaci 'yancin kai.

Asalin lamarin tsoro ne. A 1783 wasu sojoji da ba a biya su haƙƙinsu ba suka kewaye majalisa a Philadelphia, hukumomin jihar Pennsylvania, inda garin yake, suka ƙi kai ɗauki, 'yan majalisa suka tattara suka koma Princeton. Daga nan aka ƙudurta cewa gwamnatin tarayya ba za ta sake zama a ƙarƙashin inuwar wata jiha ba, aka rubuta a kundin tsarin mulki cewa za a keɓe gunduma wadda majalisa kaɗai ke da iko a kanta. Jihohin Maryland da Virginia suka ba da fili, gwamnati ta tare a 1800, dokar 1801 kuma ta raba mazauna wurin da ƙuri'ar da suke kaɗawa a jihohinsu na asali. Dalilin yana da ma'ana a zamanin da gwamnatin tarayya ba ta da ƙarfin kare kanta, amma yau babu mai hankalin da zai ce magajin gari zai iya yi wa fadar White House barazana.

Abin da birnin ya samu tun daga lokacin, da kyar ya same shi, kaɗan kaɗan. Gyaran kundin tsarin mulki na 23 a 1961 ya ba shi damar zaɓen shugaban ƙasa, dokar 1973 kuma ta ba shi damar zaɓen magajin gari da kansiloli. Sai dai igiyar tana hannun majalisa har yanzu, domin tana iya soke duk dokar da kansilolin suka yi, kamar yadda ta yi a 2023 ga sabon kundin hukunta laifuka, Shugaba Joe Biden kuma ya sa hannu a kan sokewar. Shugaban ƙasa ne ke naɗa alƙalan kotunan birnin, shi ne kuma ke da iko da dakarun tsaron ƙasa na gundumar, abin da a kowace jiha yake hannun gwamna. Ranar 6 ga Janairun 2021, da aka far wa ginin majalisa, magajiyar gari Muriel Bowser ba ta da ikon kiran dakarun da kanta. A watan Agustan 2025 kuwa Shugaba Donald Trump ya yi amfani da wani sashe na dokar 1973 ya karɓe ragamar 'yan sandan birnin na tsawon kwana 30, ya baza sojoji a tituna. Ko mutum yana ganin matakin ya dace ko bai dace ba, waɗanda ya shafa ba su da wanda zai kaɗa ƙuri'a a madadinsu a kan batun.

Masu adawa da mayar da birnin jiha ta 51 suna kafa hujja da kundin tsarin mulki, suna cewa sai an gyara shi tukuna. Hujjar ba ta da ƙarfin da ake ba ta, domin kundin ya faɗi iyakar girman da gundumar ba za ta wuce ba, bai hana a rage ta ba, kuma an taɓa ragewa a 1846, lokacin da majalisa ta amince a mayar wa Virginia yankin Alexandria. Ƙudirin da majalisar wakilai ta amince da shi a 2020 da ƙuri'a 232 da 180, ta sake amincewa a 2021 da 216 da 208, ya bar fadar shugaban ƙasa da majalisa da kotun ƙoli a cikin ƙaramar gundumar tarayya, unguwannin jama'a su zama jiha. Akwai dai ƙulli guda na gaskiya: ƙuri'u uku a kwamitin wakilan jihohi masu zaɓen shugaban ƙasa da gyaran 1961 ya bai wa gundumar za su rage a hannun 'yan tsirarun da ke cikin ƙaramin yankin, don haka dole a warware wannan tare da ƙudirin.

A ganina, ainihin abin da ya tokare hanya lissafin kujeru ne. Tun da birnin ya fara zaɓen shugaban ƙasa a 1964 bai taɓa zaɓar ɗan jam'iyyar Republican ba, kowa kuma ya san sabuwar jiha tana nufin ƙarin sanatoci biyu ga jam'iyyar Democrat. Wannan lissafi ba sabo ba ne a tarihin Amurka, da shi aka shigar da Dakota a matsayin jihohi biyu a 1889, 'yan Republican suka ci ribar abin. Ba za a kuma rufe ido ga launin fata ba, domin birnin ya shafe shekaru fiye da hamsin baƙaƙen fata ne mafiya rinjaye a cikinsa. Amma hana mutum ƙuri'a saboda an san wanda zai zaɓa hujja ce da babu ɗan siyasar da zai yarda a yi amfani da ita a kan mazaɓarsa. Su ma 'yan Democrat ba su da bakin zargin wasu, domin a 1993 suna da rinjaye ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a 153 da 277, a 2021 kuma ɗan jam'iyyarsu, Sanata Joe Manchin, ya fito ya ce ba ya goyon baya, majalisar dattawa ba ta ko kaɗa ƙuri'a a kai ba.

Wasu suna ba da shawarar a mayar da unguwannin cikin Maryland. Shawarar za ta ba mutane wakilci, sai dai ba ita suka nema ba, domin a ƙuri'ar raba gardama ta 2016 kusan kashi 86 cikin ɗari sun zaɓi zama jiha. Brasilia, babban birnin Brazil, tana zaɓen gwamna da sanatoci uku, Abuja ma, duk da cewa minista ake naɗa mata, tana da sanata guda da 'yan majalisar wakilai biyu masu cikakkiyar ƙuri'a, kuma zaman gwamnatin tarayya a biranen bai girgiza ba. Majalisar dattawan Amurka ya kamata ta kawo ƙudirin zaure, kowane sanata ya kaɗa ƙuri'arsa a bainar jama'a, wanda ya ƙi kuma ya faɗi hanyar da yake ganin mutanen Washington za su bi su samu wakilci.