Layif ɗin Jakara, tela, da tsohon nan mai rake

Jama'a tunda kowa sai biyo ni yake ta bayan fage wai me ya faru a layif ɗin ranar Asabar, wato shirin kai tsaye da na yi a YouTube, bari in faɗa da bakina kowa ya huta, don abin da ƙanin matata yake yaɗawa a TikTok rabin labari ne, kuma rabin da ya fi muni ya zaɓa, Allah ya isa tsakanina da yaron nan.

Kun dai san na buɗe tashar abincin Kano a YouTube, ɗanwake, alkubus, waina, gurasa, da sauransu. Kun kuma san Injiniya namu na Farm Centre, wanda bai taɓa ɗora bidiyon ko kaza ba amma duk ilimin harkar yana kansa. Shi ya zaunar da ni a shagonsa yana gyaran wayar wani yana karanto min ƙa'ida, wai sai ka tara sabsikiraiba 1,000 da awannin kallo 4,000 cikin wata 12 kafin a fara raba kuɗin talla da kai, ko kuma a madadin awannin, Shorts ɗinka, gajerun bidiyon nan, su ci kallo miliyan 10 cikin kwana 90, kuma ko an fara ɗin ba za ka ji alat ba sai kuɗin sun kai dala 100, kafin nan ma sai an aiko maka da wata lamba a takarda ta gidan waya don a tabbatar da adireshinka. Na ce Injiniya gidan waya kuma, a wannan zamanin? Ya ce kai dai tara mutane tukuna.

Sauran shawarwarin kuwa babu wadda ban bi ba. Ya ce masu kallo za su yafe maka hoto mai dishi-dishi amma ba sa yafe sauti mara kyau, na sayi ɗan makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, a wajensa mana, a ina kuma. Ya ce hoton bangon bidiyo sai ka buɗe baki ka zaro ido, na yi, har uwargida ta shigo ɗaki ta same ni ina gwadawa a madubi ta juya ta fita ba ta ce komai ba. Ya ce kar ka kuskura ka sa waƙar wani a ƙarƙashin bidiyo, na'urarsu tana ganewa kuɗin ya koma wajen mai waƙa. Ya ce daƙiƙun farko su ne komai, ka daina wannan doguwar sallamar da ina kwana ina gajiya ya iyali, kafin ka gama gaisuwa mutum ya wuce. Wannan kam mun yi musu, ni Bahaushe in faɗo wa mutane ba sallama sai ka ce gobara ta tashi? Muka tsaya a kan sallama gajera.

Sai babbar shawarar, wai in yi layif, shirin kai tsaye, a nan ake ƙulla zumunci da masu kallo, kuma duk kwamen ɗin da ya shigo in karanta shi da ƙarfi in ambaci sunan mai shi, mutum yana jin an kira sunansa ya zama naka har abada. Amma ba a barinka ka yi layif da waya sai kana da sabsikiraiba 50, ni kuma a lokacin in ka cire ni da uwargida da tsohuwar wayata sauran ba su cika tabarma ɗaya ba. Don haka na shiga farauta. Duk wanda ya ajiye waya kusa da ni a majalisa, a ɗaurin aure, a gidan surukai, sai in ce kawo in duba maka abin da ke cinye maka data, in shiga in danna sabsikiraib in danna ƙararrawar nan in miƙa masa. Har wayar surukina, har ta Gwaggo. Har ta tela, ranar da na je karɓo shaddar Sallah na ce masa cikon zuwa jibi.

Ranar Asabar na ɗau wanka da shaddar nan, don Injiniya ya ce shiga ma tana jawo mutane, na nufi Jakara wajen masu gurasa. Baba mai tanderu ta yarda, na kafa waya a kan ɗan ƙarfen nan mai ƙafa uku, na fara. Na yi bayani mai kyau wallahi, yadda ake kwaɓa fulawa da yis a bar ta ta tashi, yadda ake manna ta a jikin tanderu, yadda ake bandashe da garin ƙuli da man gyaɗa da albasa da yaji. Mutum biyu ke kallo, ɗaya na san uwargida ce. Can sai na ga lamba tana hawa, takwas, sha biyar, ashirin da wani abu, ƙirjina ya fara bugawa na ce yau dai Allah ya kawo ni, har na gyara hula na ce masu kallonmu na Saudiyya da Amurka muna gaishe ku. Ashe ƙararrawar da na danna da hannuna ce ta kaɗa a aljihun duk wanda na sani a duniya.

Kwamen ya fara shigowa. Na farko, Allah ya ƙara basira, na karanta na ce amin. Na biyu, gurasar nawa nawa ce, na amsa. Na uku ya shigo da wani suna na Turanci mai fashon dizain a ƙarshe, ban gane ba, ni a zatona wani babban kamfani ne zai ba ni talla, na gyara murya na ce ga wani saƙo daga babban masoyinmu, yana cewa, Yallaɓai masha Allah kayan nan sun zauna maka a jiki. Na yi murmushi na juya hagu na juya dama don a ga aikin wuyan da kyau, na ce na gode na gode, ai aikin gwani ne. Sai na ci gaba da karantawa, don bakina ya riga ƙwaƙwalwata tafiya, da ƙarfi, da makirufo mai kyau a wuyana wanda ba ya ɓoye ko numfashi, sai dai cikon kuɗin ɗinkin 12,000 tun ƙaramar Sallah nake jira kuma ka daina ɗaga wayata.

Na kai ƙarshen jimlar. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, ban tsaya a tsakiya ba, har wayata ɗin sai da na furta, da irin muryar masu karanta gaishe-gaishe a rediyo. Sai wajen ya yi tsit, Baba mai tanderu ta tsaya da gurasa a hannu, yaran da suka taru suna leƙe suka kalli shaddar daga sama har ƙasa. Ni kuma murmushin nan bai sauka daga fuskata ba, ya maƙale, na ji kunnuwana suna zafi, na ce to, to, wannan ɗan'uwanmu ne akwai wasa tsakaninmu. Kwamen ya sake shigowa, babu wasa tsakaninmu Yallaɓai. Wannan ban karanta da ƙarfi ba amma ai kowa yana gani a wayarsa.

Yanzu bari in zo kan tsohon nan mai rake, don ni duk cikin lamarin shi ne ban yafe wa ba. Tun da na kafa waya yake tsaye a bayana daidai saitin kafaɗata ta dama, yana shan rake yana tofarwa, na roƙe shi da ladabi na ce Baba ɗan matsa kaɗan ana ɗauka ne, ya ce ai nan hanyar gwamnati ce. Ba gurasa ya zo saya ba, ba kowa yake jira ba, mutumin nan haka kawai Allah ya turo shi. Duk bayanin da na yi sai ya gyara min, na ce yis ya ce a da ba haka ake yi ba, na ce tanderu ya ce ai wannan ƙarami ne. To da na karanta saƙon tela sai ya cire raken daga baki, ya matso har gemunsa yana taɓa kafaɗata, ya leƙa cikin wayar ya ce ɗan nan ka biya bawan Allah haƙƙinsa mana, bashi hanji ne yana cikin kowa amma ba a ado da shi. Sannan ya kama hannun rigata ya murza yadin tsakanin yatsunsa, da hannun rake, mai danƙo, ya ce kuma shaddar ma ba ta kai yadda kake juyi da ita ba. Wai Baba ina ruwanka? Kai ne tela? Ɗanka ne? Ko hayarka aka yi? Mutumin da ko sunana bai sani ba. Har yau tabon yatsunsa yana hannun rigar, mai wanki da guga ya yi iya yinsa.

Daga nan kwamen ya ɓalle. Gwaggo, wadda ban san ta iya rubutu a waya ba, ta rubuta sunana na gida wanda ba wanda ya sani sai dangi, da alamar tambaya uku. Abokan majalisa sai fuskar dariya suke zubowa. Wani ya ce a ba Baba mai rake tashar. Sai ga sunan surukina ya bayyana, kalma ɗaya tak ya rubuta, Subhanallah. Na kai hannu in kashe, hannu na rawa, na danna abin juya kyamara, ta koma tana nuna kwata da wata akuya, muryata kuma tana fita tar ina cewa na shiga uku na shiga uku ina ne wajen kashewar, tsohon nan yana ce min danna jan, jan nan na sama. Shi ya nuna min yadda zan kashe layif ɗina.

Da daddare na je wa Injiniya a fusace na ce goge min shi zan yi. Ya karɓi wayar ya buɗe YouTube Studio ya daɗe yana kallo, ya ce kar ka soma, bidiyon da aka goge ko aka ɓoye awanninsa ba sa shiga lissafin 4,000 ɗin nan, kuma wannan shi kaɗai ya fi duk ɗanwakenka da alkubus ɗinka tara awanni. Ya nuna min zanen da ke nuna inda mutane ke tsayawa da inda suke gudu, layin yana kwance tun daga kwaɓin fulawa, sai daidai wajen tela ya miƙe tsaye, wai mutane komawa baya suke suna sake kallo. Ya ce abin da ya kamata yanzu ka nemo tsohon nan ku yi kashi na biyu tun ƙarfe na da zafi. Na ce Injiniya kai ma ai ina binka canjin makirufo.

Tela dai na biya shi, rabi, surukina ne ya aiko a kira ni kuma ba zan faɗi abin da aka tattauna ba. Sabsikiraiba sun ƙaru ba laifi, sai dai duk bidiyon da na ɗora yanzu, ko na kunun tsamiya ne, kwamen na farko shi ne ina Baba mai rake, na biyu kuma an biya kuɗin wannan rigar kuwa. Jiya na ɗora na dambu da tsohuwar riga ta ƙwallo don a bar ni in sha iska, wani ya rubuta wai tela ya ƙwace kayansa ke nan.

Wanda ya ari fawa bank ɗina a wajen ɗaurin auren nan don Allah ya dawo min da shi, ina da ɗauka ranar Laraba.