Lambar Kano Ce Laifina a Hanyar Mambila

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, wani yaro da a haife na kusa haifarsa ya zura hannu ta tagar motata ya zare makulli, ya jefa a aljihu, ya koma gindin bishiya ya ci gaba da shan rakensa. Ni kuwa ina zaune riƙe da sitiyari, baki buɗe. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Aiki ne ya kawo ni Jalingo. Kwangilar kafa sola muke yi a rijiyoyin burtsatse na wasu ƙauyuka, in an gama mu tattara mu koma gida. Iyali suna Kano. Duk wanda ya taɓa cirani ya san yadda ƙarshen mako yake a garin da ba naka ba: ka yi wanki, ka kira maiɗaki, kati ya ƙare, ka kwanta kana kallon silin. To akwai wani abokin aikinmu ɗan Gembu, can saman tsaunin Mambila, da ya ishe mu da labarin garinsu, wai a can ko da tsakar rana sai da rigar sanyi. Wanda zafin Jalingo ya gasa ba ya buƙatar dogon wa'azi. Na sha mai da tsadarsa, muka yi sammako, Bali, Serti, sai hawan dutse.

Ramukan hanya ban sa su a lissafi ba, wannan abincinmu ne na kullum. Masu kaki ma yau ban da ƙorafi a kansu, an gaisa, an leƙa but, an ce Allah ya kiyaye. Waɗanda nake magana a kansu ba su da kaki. Katako ne mai ƙusoshi ɗaure da igiya, da benci, da samari sanye da riga mai ƙyalli a kan singileti, ƙafa silifas.

Na sauke gilashi na yi sallama. Bai amsa ba. Ya zagaya gaban mota, ya sunkuya ya karanta lamba a tsanake, ya ɗago yana murmushi kamar wanda ya tsinci kuɗi a kasuwa.

"Alhaji, daga Kano?"

"Daga Jalingo dai, ɗan'uwa. Aiki nake yi a can."

"Takardar rediyo."

Na miƙa masa lasin tuƙi da takardun mota da inshora. Ko kallonsu bai yi ba.

"Takardar rediyo na ce. Waccan ba rediyo ba ce?"

Na ce rediyo ce, amma ta daɗe da mutuwa. Ya ce ko gawarta ce sai an biya mata. Na nuna masa sitikar da ke jikin gilashi, wadda wasu 'yan'uwansa a sana'a suka liƙa mini a wata jihar. Ya ɗan kankare gefenta da farce ya ce wannan ta can ce, nan ƙasa daban. Ƙasa daban! Ashe na tsallake iyaka ban sani ba, ga Kamaru can gaba ban ma kai ba tukuna.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ya hango akwatin kayan aikina a kujerar baya, ya ce motar kasuwanci ce, akwai kuɗin lodi. Ya ga ƙaramin tambarin kamfaninmu a ƙofa, ya ce talla nake yi a kan titinsu, akwai kuɗin talla. Ya ɗaga kai sama yana motsa leɓe, wai lissafi yake, ya sauko da naira 18,000.

Cikin ladabi, wallahi cikin ladabi, na ce: "Ɗan'uwa, wace hukuma ce ta turo ku? Ko zan ga katin shaidarka?"

Nan take alhazancin nawa ya ƙare. "Kai, ka zo garin mutane za ka koya mana aiki?" Sai hannu ta taga, sai makulli a aljihu.

Abokin tafiyata ya fita yana ba su haƙuri da Fillanci. Suka ce masa shi ɗan gida ne, ba ruwansu da shi, baƙonsa ne zai biya. Muna cikin haka sai ga wata jibgegiyar mota mai baƙin gilashi, lambarta a rufe da leda. Kafin ta iso an ja igiya, katako ya koma gefe, har da ɗaga hannu ana "ranka ya daɗe". Ita ba ta da rediyo ke nan. Direbobin da na tare wa hanya kuwa, maimakon ɗaya ya fito ya ce wannan zalunci ne, sai hon suke yi, wani ya leƙo ya ce: "Malam, ka sallame su mana, rana na yi!" Wannan ta fi zare makullin yi mini ciwo.

Aka yi ciniki, cinikin haƙƙina na bin titin ƙasata, aka tsaya a 7,000. Na ce babu tsabar kuɗi a jikina. Sai yaron ya zaro na'urar POS daga ƙarƙashin benci. A wurin nan wayata ko sanda ɗaya ta sabis ba ta da ita, amma na'urarsa ta kama garau. Sunan da ya fito a takardar na wani mutum ne, ba na hukuma ba. Rasit ɗin da ya yago mini kwafi ne da ya koɗe, an soke shekarar da biro an rubuta wata a sama. Ya wurgo makullin kan cinyata ya ce: "Allah ya tsare, Alhaji. A dawo lafiya, muna nan."

Ba yau aka fara ba. Sana'ar nan ta kai ni jihohi da dama, kuma ko'ina labarin ɗaya ne: da an ga lambar wata jiha, an ga nama. Kada mutanen Taraba su ce na sa su gaba, a Kanonmu ma na ga ana yi wa baƙon direba abin da ya fi wannan muni, muna wucewa muna kau da kai. Abin takaicin shi ne doka tana nan. Tun 1998 dokar haraji ta tarayya ta haramta wa kowa, har da hukumar haraji kanta, tare hanya don karɓar kuɗi. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ce ɗan Najeriya yana da 'yancin shiga duk inda ya ga dama a ƙasar nan, ya zauna. Wa zai karanta wa mai katako sashe na 41? Shi ya san wanda ya ba shi rigar, ya san wanda yake kai wa kaso da yamma, ya kuma san ranar zaɓe za a neme shi.

Kuma fa wurin ya cancanci a je. Daga Mayo Selbe hanya take fara naɗewa tana hawa, kwana bayan kwana, kunne na toshewa, har ka ɓulla saman tsaunin iska mai sanyi ta doke ka. Tuddai kore shar iya ganinka, shanu ƙosassu suna kiwo, bishiyoyin turare a jere, ga gonakin shayi na Kakara. A yankin nan Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419, da gandun dajin Gashaka Gumti da babu mai girmansa a ƙasar. Na tsaya ina kallo, amma rabin hankalina na can ƙasa wajen mai cewa muna nan.

Sai ka ji manya a taro suna cewa a bunƙasa yawon buɗe ido, a rage dogaro da man fetur. Da wane baƙon? Wanda za a tatsa tun kafin ya ga dutsen? Mutanen tsaunin nan a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama yankinsu ya shigo Najeriya, har ƙaramar hukumar tana ɗauke da sunan Sardauna. Me aka saka musu da shi? Madatsar wutar Mambila tun shekarun 1970 ake maganarta. A 2017 aka sa hannu a kwangilar kusan dala biliyan 5.8, aka ce megawat 3,050 za ta bayar. Har yau ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kunna ba, sai shari'a da sanarwa. Da an gina ta, wataƙila da ni ban bar 'ya'yana na zo ina hawa tankin ruwa ina ɗaura faifan sola ba.

Gwamnatin da ta kasa kafa tubali ɗaya a madatsar cikin shekara hamsin ba na sa ran za ta gina mini aljanna. Katako ɗaya nake roƙo a ɗauke daga kan titi. Ba ya buƙatar bashin China, ba ya buƙatar kwamiti, ba sai an yanka zare ba. Amma masu ikon ba da umarnin da jiniya suke wucewa, tayarsu ba ta taɓa sanin ƙusa ba, kuma yaran nasu ne.