Maƙerin da bai taɓa riƙe guduma ba

Satina uku a Debrecen ta ƙasar Hangari, makullin ɗakina ya karye a cikin kwaɗo. Rabi a hannuna, rabi a ciki, ga sanyi kamar zai cire kunne.

To da ma a ajin koyon harshe an faɗa mana cewa Kovács, wanda suke furtawa kamar "Kobac", maƙeri yake nufi, daga harsunan Slab, dangin Rashanci, suka aro shi. Malamar har ta ƙara da cewa shi ne Smith a Ingila, shi ne Schmidt a Jamus, duk ƙira ce asalinsu. Sai na tuna ƙofar da ke kallon tawa sunan nan ne a jikinta. Na ce Allah ya kashe ya ba ni. A garinmu in ka ji an ce wane Tela, yadinka kawai za ka ɗauka, ba sai ka yi tambaya ba.

A ƙasan sunan kuma an rubuta Kovácsné. Na ɗauka muƙami ne, irin Sarkin Maƙera, na ce gara in nemi babban kai tsaye. Wata dattijuwa ta buɗe, na gaishe ta, na ce Kovácsné nake nema. Ta nuna ƙirjinta. Ashe "né" ɗin nan "matar wane" yake nufi, a wutsiyar sunan miji suke liƙa shi.

Ta kira maigidan. Ya fito da tabarau a kan hanci, na miƙa masa guntun makulli da hannu biyu, ina kwatanta dukan guduma da baki: "ƙwan, ƙwan." Ya juya shi, ya dube ni, ya ce shi malamin lissafi ne, ya yi ritaya. Rabon gidansu da zuga-zugi tun kakannin kakanni. Matar kuwa dariya har da dafa bango.

Ya tambayi sunana. Su a can sunan dangi ke zuwa farko, sai ya ɗauki sunan mahaifina, wanda ban taɓa furtawa gatsal ba, ya maƙala mini. Har yau in ya ƙwala kira a matakala sai na waiga in ga ko tsohon ne ya iso.

Shi dai ya buga wa mai gyaran kwaɗo waya. Mutumin ya zo da jakar kayan aiki, cikin minti goma ya buɗe ƙofar. Na duba rasit in ga sunansa: Szabó. Wato Tela.