Ƙugun Gwaggo da tsohon lissafi

Ni dai ba tela ba ce. Koyarwa nake yi a wata firamare nan Asawase a Kumasi, ƙasar Gana, ɗinki kuwa abin ɗebe kewa ne kawai. Akwai keken Butterfly na ƙafa da na gada wajen mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, yana lungun ɗaki, in na dawo daga makaranta na ci na sha sai in hau in yi ta ɓarnar zare. Na yi rigunan filo, na yi labule, na yi wa yarana kayan Sallah sau biyu. Yara kuwa ba su da inda za su kai ƙara, sai suka sa kayansu suka tafi idi. Daga nan ne kaina ya fara kumbura.

Ana nan sai aka sa ranar bikin autar Gwaggo a unguwar Nima da ke Akra. An fitar da yayi, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa anko, aka zaɓi atamfar nan mai tsuntsaye suna shawagi, wadda Asantawa suka raɗa wa suna "Sika wo ntaban", wato kuɗi na da fukafukai. Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a Zango ya san mai wannan suna bai yi ƙarya ba. Gwaggo ta kira ni tana ƙorafi, wai telanta kaya sun yi masa yawa, ya ce sai bayan biki. Ni kuma bakina, da bai san wahalar da hannu zai sha ba, ya riga tunanina fita.

"Haba Gwaggo, ina raye ki tsaya jiran tela? Bar mini."

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Yanzu zan sa a turo miki miliyan shida ta MoMo."

Kada wani ya ji miliyan ya fara shirin zuwa rance. Tun 2007 aka yanke wa sidi sifili huɗu, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, amma labarin ya zo ƙofar Gwaggo ya yi sallama ta ƙi amsawa. Miliyan shidanta sidi 600 ne. Haka kuma ba ta taɓa cewa Akra ba, a bakinta garin Ankara ne, kamar yadda iyayenta suka faɗa. Da aka buɗe babban masallacin ƙasa da Turkawa suka gina a Kanda a 2021, wani jikanta mai boko ya ce mata Ankara fa babban birnin Turkiyya ne, sai ta ce to ai ga shi nan masu garin sun biyo sunansu.

Ya kamata a ce wannan ya isa ya farkar da ni. Mace da ta ƙi sabon lissafi a kuɗi, me zai sa ta karɓe shi a wani wajen? Amma na ɗauko biro na ce ta ba ni awonta.

"Rubuta. Ƙirji 36, ƙugu 32, mazaunai 40."

"Gwaggo, yaushe aka auna ki?"

"Ke, jikin naki ne ko nawa?"

Na rubuta. Rabona da ita an kwana biyu, kuma a gidan rasuwa ne, tana cikin hijabi har ƙasa. Hijabi kuwa mai rufin asiri ne, ba ya ba da labarin kowa.

Washegari na shiga Kejetia. Sabuwar kasuwar nan mai shaguna sama da 8,000, duk layin da ka shiga kamar shi ka baro, sai da na wuce mai sayar da bokiti ɗaya sau uku har ta fara gaishe ni kamar maƙwabciya. Na dai samo atamfar, yadi shida na Gwaggo, yadi shida nawa, da shafi da zif da zare. Kuma don Allah ya nufa in sha kunya, nawa na fara ɗinkawa, wai in gwada hannu. Ya fito ras. Na Gwaggo na bar shi sai ana gobe tafiya.

A daren ne aka ɗauke wuta. Keken ƙafa bai damu da dumsor ba, wato ɗauke-ɗauken wutar nan, abin da nake yabonsa da shi ke nan, amma ido ya damu. Na sa ɗana ya riƙe mini fitilar waya ina yanka, yana gyangyaɗi, haske na yawo tsakanin atamfa da rufin ɗaki. Na yanka, na haɗa, na sa shafi, na sa zif, wajen ƙarfe biyu na dare na kwanta ina jin kaina kamar mai shago a Adum. Da safe maigida ya ɗaga siket ɗin ya juya shi gaba da baya, ya daɗe yana kallo.

"Waɗannan tsuntsayen na baya, harbo su aka yi?"

Na duba. Na gaba suna tashi lafiya lau. Na baya duk sun yi rigingine, ƙafa a sama. Na juya ƙyallen bayan wajen yanka. Na ce masa sabon salo ne, ba zai gane ba, na cusa siket a jaka. Saura kalmasar bakin ƙasa kawai, wadda na ce zan ƙarasa da hannu a mota. Daga Kumasi zuwa Akra kusan kilomita 250 ne, awa biyar in hanya ta yi kyau, ai ko bargo ne na kalmashe.

A tashar Asafo na sayi waakye, domin ba na hawa doguwar mota da yunwa. Shinkafa da wake ce, sunan ma daga bakinmu aka ɗauka, amma wanda bai ci ta a cikin ganye ba, ta yi jawur da karan dafi, ga taliya, ga gari, ga dafaffen ƙwai da ganda, shito, baƙin yajin nan mai mai, na kwance a gefe, to bai san abin da ake magana a kai ba. Na cinye ta tas kafin mota ta cika, na wanke hannu da sabulu har sau biyu saboda atamfar mutane. Ina so a rubuta mini wannan ladan, don a nan ne kaɗai na yi hankali a duk tafiyar.

Muna wuce Ejisu na shimfiɗa siket a cinya na zura allura. Mai wa'azi ya gama, mai maganin basir da ciwon baya ya karɓa, talabijin na ta ihu da fim ɗin Twi, ni kuwa ina ta soka allura ina zarewa, ko ramukan hanya ban kula ba. Tsohuwar Ba'asantiya da ke gefena tana leƙowa tana gyaɗa kai, tana ce mini "Amariya, kin iya aiki." Duk macen da ta yafa mayafi a ƙasar nan Amariya ce, ko jikokinta goma. Kafin duwatsun Kwahu su bayyana a Nkawkaw na zagaye bakin siket gaba ɗaya, ɗinki ƙanana masu kyau, irin wanda ko da haƙori ba ka farke shi.

Wajen Bunso direba ya tsaya ya ce minti goma sha biyar, mai shiga bayi ya shiga, mai cin abinci ya ci. Na miƙe. Siket ɗin Gwaggo ya miƙe tare da ni.

Na ja, zanina ya biyo. Na sake ja, zanina ya ɗaga har gwiwa. Ashe tun daga Konongo allurar tana ratsa siket tana kama zanin da ke jikina, na ɗinke kaina da kayan Gwaggo kusan taki biyu, da wannan ɗinkin nawa mai kyau. Almakashi yana cikin akwati, akwati yana cikin mota ta ƙasa, an danne shi da buhunan doya. Tsohuwar nan ta kama baki ta ce "Kafra, kafra." Gafararmu ce suka ara, amma ranar ban ji daɗin jin Hausa a bakin baƙo ba, domin tana faɗa kafaɗunta na rawa.

Fitsari kuma bai san uzuri ba. Haka na sauko, na saɓa ragowar siket a kafaɗa, na ɗan duƙa don kada zani ya ɗage, ina tafiya kamar mai jan akuyar da ta ƙi kasuwa. Abin da ya faru a bayi na bar wa Allah. Da na fito sai na hango hayaƙi, na ji ƙamshin tsire, wanda a nan suke kira chinchinga. Inda duk ka ga tsire a Gana, to da wuya ka rasa mai jin Hausa a bayan tukubar.

"Salamu alaikum. Malam, don Allah ara mini wuƙarka."

Ya dube ni, ya dubi siket, ya dubi inda muka haɗu da siket. Bawan Allah nan bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya goge wuƙar a jikin tsumma ya miƙo. Sai dai tsumman ya fi wuƙar mai. Na tsuguna a gefen tukuba ina tsinke zare ɗaya bayan ɗaya, duk inda wuƙa ta taɓa sai ta bar sa hannunta na mai da yajin ƙuli. Direba na danna oda. Kunya ta hana ni mayar da wuƙa hannu rabbana, sai na sayi tsinke huɗu. Na ci su a mota, kuma gaskiya tsiren ya yi daɗi.

Sauran tafiyar ba labari. Na sake kalmasa, wannan karon na ɗaga siket sama kamar mai karanta jarida. Na sayi burodin Nsawam ta taga don tsaraba, muka sha cunkoso daga Pokuase, muka sauka a Circle bayan la'asar, na hau trotro zuwa Nima.

Gwaggo ce ta fito tarona da kanta, ba hijabi, daga ita sai ɗaurin ƙirji da mayafi. Tana tsaye a bakin ƙofa, hasken tsakar gida bai samu ta inda zai fito ba. Masha Allah, tubarkalla. Gabana ya faɗi. Aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo, tuwon da nake mafarkinsa tun daga Kumasi, na kasa haɗiya, ina kai loma ina lissafin inci.

Bayan isha'i aka zo gwaji. Rigar ta shiga da taimakon mutum biyu, ta tsaya a hammata. Siket ya hau har cinya, ya ce iyakarsa ke nan. Gwaggo ta ja numfashi ta riƙe, 'yarta na ja ta baya, ni ina ja ta gaba, zif na kallonmu baki buɗe.

"Atamfar yanzu ba ta da albarka," in ji Gwaggo. "Tsukewa take."

Na ciro tef na ce ta yi haƙuri in gwada. Ƙugu 44. Mazaunai 52.

"Wannan tef ɗin na Kumasi ne?"

"Tef duk ɗaya ne, Gwaggo."

"To ni dai da aka auna ni za ni Hajji, 32 aka ce."

Na tambayi shekarar. 'Yarta, amaryar da za a kai jibi, ta ce lokacin tana goye. Kuɗi Gwaggo ta ƙi rage musu sifili, ƙugu kuma ta ƙi ƙara masa inci, duk lissafin zamani ɗaya ne.

Da sassafe wani ɗan gidan ya raka ni shagon wani dattijon tela a wani lungu bayan babban titin Nima. Ya sa tabarau, ya juya siket ciki waje, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa, ya kai kan tsuntsayen da suka yi rigingine ya tsaya.

"Hajiya, wane yaro ne ya yi wannan aikin?"

"Wata ce can Kumasi, Baba."

"Ta karɓi kuɗi?"

"A'a."

"To da sauƙi." Ya kai bakin siket hancinsa. "Kuma tsire take sayarwa?"

Na ce ban san ta sosai ba. Ya ce inci 12 ba ya fitowa daga iska, sai an kawo ƙyalle. Ɗankwalin Gwaggo ba mai taɓa shi, uwar amarya ce. Haka na koma na ɗauko nawa ɗankwalin, ina ji ina gani ya sa masa almakashi, ya tsaga riga da siket ta gefe biyu ya cike. Ƙyallen bai isa a tsaye ba sai a kwance, don haka tsuntsayen gefen suka nufi ƙasa da kai. Na biya shi sidi 100, wanda Gwaggo ta ce miliyan ɗaya don gyara kawai, telolin Ankara ba sa tsoron Allah.

Ranar biki mata fiye da hamsin cikin yayi ɗaya, kowa da ɗaurinta ya tashi kamar hasumiya, ni kaɗai da baƙin mayafi a ka. Wata ta ja ni gefe ta ce da na faɗa kuɗina bai kai yadi shida ba ai da an taimaka. Gwaggo kuwa ta shiga fili, tsuntsayen gaba na tashi, na baya a kwance, na gefe na faɗowa, ana ta liƙa mata kuɗi a goshi. Duk wadda ta tambayi ɗinkin sai ta nuno ni, ta ce 'yarta ce daga Kumasi, sabon salo ne, bai iso Ankara ba tukuna.

Ina cikin naɗe kayana da daddare sai ga aminiyar Gwaggo ta shigo, ta zauna a kan benci, mutum biyun da ke kai suka tashi suka ba ta wuri. Ta ce Sallah ta kusa, irin na Gwaggo take so, har da tsuntsayen da suka kwanta. Na laluba jaka na ciro tef.

Ta ɗaga mini hannu. "Mayar da abinki, 'yar nan, na san awona. Rubuta. Ƙugu 30."