Ku daina fizge waya daga hannun iyayenmu

Kun dai ji abin da ya sami Innarmu ta nan Shara Mansur a Makka, ba sai na maimaita ba. Kira ɗaya, wani ya ce daga banki yake, ya nemi lambar da ta shigo mata, ta karanto masa, kuɗin da ta shekara tana tarawa suka tafi. Ɓarawon, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Amma abin da ya hana ni barci shi ne maganar da na ji daga bakin wani matashi a wajen jaje, wai "ai tsofaffi ba sa ganewa". Wa ya taɓa zama ya koya mata har ta kasa ganewa?

Laifinmu ne, mu 'ya'ya da jikoki. Duk sanda ta miƙo waya ta ce "ɗan nan, duba min", sai mu fizge, mu danna, mu mayar mata. Ko kallon abin da muka taɓa ba ta yi ba. Shekara nawa muna haka? Tun 2020 da korona ta zo aka ɗora mana manhajar Tawakkalna, ya zamana ko kanti ba ka shiga sai ka nuna waya, ya kamata mu farga. Yau takardun mutum suna manhajar gwamnati ta Absher, ganin likita sai Sehhaty, tabbatar da kai ne sai Nafath. Rayuwar baiwar Allah kaf ta koma cikin jawwal, wato waya, mu kuma mun bar ta ba ta san ƙofar shiga ba. Wanda kullum ake yi masa, ai duk wanda ya ce "kawo lambar" zai ba shi, don mu muka saba masa da miƙawa.

Za ku ce ba ta yi boko ba. To sai me? Matar da ta sauke Alƙur'ani tun kafin a haifi uwarka, baƙaƙen Larabci ne za su gagare ta? Da waɗannan baƙaƙen aka rubuta Absher. Za ku ce ido ya yi rauni. A ƙara girman rubutu mana, minti ɗaya ne a saitin waya. Za ku ce babu lokaci. Wannan kam ba zan ma amsa ba.

Kuma wurin koyo a intanet ba a rasa ba, kyauta ma. Akwai Edraak da gidauniyar Sarauniya Rania ta Jodan ta buɗe a 2014, akwai Rwaq na nan Saudiyya, akwai shirin Aɗa'ur Raƙami na ma'aikatar sadarwa da ke koyar da mutane da Larabci, ga YouTube cike da bidiyon da ke nuna danna nan, danna can. Sai dai Inna ba za ta kai kanta can ba, sai wani ya zauna gefenta, ya kunna, ya tsayar, ya fassara mata da Hausa, sannan ya bar WAYAR A HANNUNTA. Ta danna ta yi kuskure, ta sake. Ka naɗa mata bayani da muryarka a WhatsApp ta riƙa saurare in ba ka nan. Darasin farko kuma kar ya wuce jimla ɗaya: lambar da ta shigo ta saƙo ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga hukuma yake.

Wallahi da na ga Inna jiya tana juya wayar tana cewa "ni dai na daina taɓa ta", sai da hawaye ya zubo min. Mun bari ta ji tsoron abin da ba ta da yadda za ta rayu ba shi.

Af, 'yan uwa masu turo iyaye Umara daga Kano da Damagaram, don Allah ku sauke musu manhajar Nusuk tun daga gida, ku nuna musu inda izinin shiga Rauda yake. Watan jiya a Madina na ga wata tsohuwa a harabar masallaci tana miƙa wa duk wanda ya gifta wayarta a buɗe, har lokacin da aka ba ta ya wuce.