Ranar da ruwan kwance ya yi gudun mita 145 a sakan

Injin tura ruwa a kashe yake. Ruwan da ke cikin bututun gilashin ko motsi ba ya yi. Amma kwamfuta ta kafe kai da fata wai gudun mita 145 yake yi a sakan ɗaya, sama da kilomita 500 a awa ke nan. Na dubi ruwa, na dubi allo, na ce lalle cikinku akwai maƙaryaci.

Na'urar da ke auna gudun ruwan ba ta da wani surkulle. Hasken leza ja, mai tsawon zango nanomita 632.8 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ake rabawa biyu, a tura kowanne ta cikin zaren gilashi, sannan a sa su gicciye a tsakiyar ruwan. A mahaɗar sai ratsin haske da duhu ya fito a jere. Namu sun haɗu a kusurwar digiri 10, don haka tazarar ratsin maikiromita 3.63 ce (maikiromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita). Akan zuba ƙananan ƙwayoyi a ruwan, duk ƙwayar da ta ratsa wurin sai ta riƙa ƙyaftawa. Ka ninka yawan ƙyaftawa a sakan da tazarar, ka sami gudu.

Zaren na fara ɗora wa laifi, don na san abin da na aikata: na taɓa bakinsa da yatsa. Cibiyar da haske ke bi ba ta wuce maikiromita 4 ko 5 ba, maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya dusashe ta. Na goge da sinadarin aisofurofil, na ɓata kusan awa biyu ina murza ƙananan sukurori har haske ya koma ciki. Allo ya ce 145.

Sai na ce to ƙwayoyin ne suka yi kaɗan. Garin ƙwallayen gilashi ne masu rami a ciki, kowane kamar maikiromita 10, kuma ɗan abin da bakin cokali ya ɗauka ya wadatar. Ni kuwa na antaya. Ruwa ya yi fari fat, ƙwayoyi suka riƙa shiga mahaɗar rututu maimakon ɗaya bayan ɗaya, sigina ta dagule. Na tashi da ƙarya guda, yanzu ga hayaniya a kanta.

Ina cikin haɗa gumi dattijon da ke kula da kayan ɗakin gwajin ya leƙo.

"Malam, ka cire arba'in ɗin kuwa?"

"Wace arba'in, Baba?"

Ya nuna ɗan akwatin Bragg da haɓa. Wannan akwati megahaz 40, wato kaɗawa miliyan 40 a sakan, yake ƙara wa ɗaya daga cikin hasken biyu, don ratsin ya riƙa tafiya, a iya bambance ƙwaya mai gaba da mai baya. Ke nan ko ƙwayar da ke tsaye cik ƙyaftawa miliyan 40 za ta yi a sakan. Ninka da tazarar maikiromita 3.63, ga 145 ɗina nan cif. Gurbin da zan rubuta 40 a manhajar, sifili ne zaune a ciki tun safe.

Na zubar da ruwan, na wanke bututu sau uku, na rubuta 40, na kunna inji. Allo ya nuna rabin mita a sakan, amma da alamar ragi a gaba, wai ruwan baya yake komawa. Baba ya dubi kan na'urar da ke fitar da hasken, ashe a juye yake, bai ce uffan ba, ya kwance shi ya juya.