Yaya na son haƙa suwimin ful a bayan gida, ni kuma na ga yadda ake yin sa a nan

Makon jiya Yaya ya turo min saƙon murya na kusan minti bakwai, bayan gaisuwa da tambayar iyali sai ya shigo da abin da ya kawo shi, wai a sabon gidan da yake ginawa akwai fili da ya rage ta baya, yana so a haƙa masa suwimin ful, tunda ni ina Amurka in duba masa hotuna masu kyau in turo. Har ya ƙara da cewa birkilansa ya ce ai ba wani abu ba ne, rami ne a haƙa a zuba kankare a manna shuɗin tayil a cika da ruwa shikenan. Na saurara sau biyu. Da farko dariya ta kama ni, daga baya kuma dariyar ta tsaya cak, don na san birkilan nan da gaske yake, kuma in aka ba shi aikin haka zai yi.

Ni dai ba ni da ful, haya ma nake, kar wani ya ce ina fankama. Amma ina zaune ne a Finiks ta jihar Arizona, garin da in jirgi zai sauka ka leƙa ta taga za ka ga bayan gidaje kamar an yayyafa shuɗin bula, kusan kowane layi akwai su. Kuma ba za ka ga laifinsu ba, a bazarar 2023 sai da aka yi kwana 31 a jere zafi yana kai digiri 43 ko ya wuce. Bara maƙwabcina ya gina nasa, katanga ɗaya ce tsakaninmu, to duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, wani lokacin ma ina tsaye a wurin da kofin shayi a hannu ina damun ma'aikata da tambaya.

Abin da ya fara ba ni mamaki, an fi wata guda ana maganar aikin nan ba a taɓa ƙasa ba. Zane, takardar izini daga hukumar birni, sannan aka kira lamba 811, wadda doka ce a kira kafin a haƙa rami. Sai ga mutane sun zo da gwangwanayen fenti suna fesa layi a ƙasa, ja na wayar wuta, rawaya na bututun gas, shuɗi na ruwan sha, kore na bututun ƙazanta. A lokacin na ce a raina kai waɗannan mutane da son bita da ƙulli. Yanzu kam da na tuna sau nawa na ga lebura ya kai diga ya fasa fayif ko ya tsinke waya a gida, kowa ya tsaya yana salati ana neman wanda za a ɗora wa laifi, sai na ga fentin nan ya fi arha.

Haƙar kanta kwana biyu aka ce, ta ɗauki huɗu, saboda a nan akwai wata ƙasa mai tauri kamar an dama ta da siminti, kaliche suke ce mata, sai da aka canza wa katafila baki aka sa mata mai fasa dutse, kuma kuɗin wannan daban ne ba ya cikin kwangila, na ga fuskar maƙwabcina ranar. Ga ƙasar da ke fitowa daga ramin, wallahi ba za ka yarda ramin nan ne ya haife ta ba, tipa sai shiga take tana fita. Bayan nan aka saƙa rodi kamar kwando, aka ja fayif aka cika su da iska ko ruwa aka bar agogo a jiki don a ga ko akwai inda ke yoyo, aka zagaye komai da wata tsirarar wayar tagulla aka ɗaure ta da rodin da tsanin da injin, don kada wata rana wuta ta zubo cikin ruwa mutum yana ciki. Sai da sufeto ya zo ya duba wannan ya sa hannu kafin aka zuba kankare ko cokali ɗaya. Kuma ba zubawa ake da kwanon sarki ba, fesa shi ake da wani ƙaton tiyo da ƙarfin iska, ya manne a jikin rodi ba gurbi, a rana ɗaya a gama duka don kada a samu gaɓa tsakanin na jiya da na yau, nan ne ruwa ke bi. Sannan mai gida ya yi mako guda yana ba wa kankaren ruwa safe da rana da yamma kamar mai rainon shuka.

To a nan ne nake jin tsoron birkilan Yaya. Mu mun iya gini, ba na raina mana, akwai magina a gida da in suka ɗora maka bulo sai ka rantse da ma'auni aka haife su. Amma gina ɗaki daban, gina abin da zai riƙe ruwa daban. Ful mai tsawon ƙafa 32 da faɗin 16, zurfi a tsakaice ƙafa 5, yana cin ruwa sama da lita 72,000, wato jarka mai lita 25 kusan 2,900, nauyinsa kuma ya haura tan 70 yana danna bango dare da rana. Bulo da filasta kawai ba za su ɗauka ba, yau tsaga kamar gashi, gobe ruwa na raguwa ba ka san inda yake zuwa ba, ashe ƙarƙashin fandishon gidan yake bi. Akwai ma abin da ban taɓa sani ba sai a nan, in ruwan ƙasa ya taso da damina kai kuma ka kwashe na cikin ful ɗin ka bar shi wayam, yana iya ɗagowa sama kamar kwalekwale, kankare da komai, shi ya sa ake sa masa wani bawul a ƙasa da ke barin ruwan ƙasa ya shigo maimakon ya ɗaga shi.

Amma duk wannan ba shi ne ainihin abin da na so Yaya ya gane ba. Ful ba gini ba ne da za a gama a miƙa maka makulli, inji ne, kuma injin da ba ya hutu. Famfon maƙwabcina da zafi awa takwas ko fiye yake yi kullum yana juya ruwan ta cikin matata, ina jin gurnaninsa daga ɗakina. Shi bai taɓa tunanin wuta ba, don ba a ɗaukewa. Yaya fa? Ko dai janareta ya yi ta shan mai saboda ruwan wanka, ko ya ƙara faifan sola da inbata musamman domin famfo, in kuwa ba haka ba kwana uku zuwa huɗu cikin zafi ruwan zai fara dishi-dishi, mako guda ya koma kore shar da gansakuka. Rana tana cinye kulorin cikin 'yan awoyi in ba a sa masa sinadarin da ke kare shi ba, kullum sai an gwada, kulorin kar ya yi ƙasa da 1 a ma'auni, ma'aunin tsamin ruwan kuma, wato pH, ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8, in lambar ta haura a zuba asid, kuma asid ɗin nan da kulorin in suka haɗu a bokiti ɗaya hayaƙin da za su fitar zai iya kai mutum asibiti. Ka tuna wa za a bar wa wannan aikin a gida, yaron da ke wanke mota da ba wa fulawa ruwa, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani. Masu cewa za su sa na gishiri don su huta da kulorin, shi ma kulorin ne, inji ne ke haɗa shi daga gishirin, kuma injin wuta yake ci.

Ga ƙura. A nan akwai guguwar da suke kira habub, sunan Larabci ne ma, ta taso kamar bango ta rufe gari, washegari kowa na bayan gida da raga da burushi, ƙasan ful ya zama laka. Su sau 'yan kaɗan ne a shekara. Mu hunturu wata nawa yake yi yana zuba ƙura ba dare ba rana, kuma a lokacin ba mai shiga ruwan saboda sanyi, amma dole a ci gaba da kula da shi. In aka yi sakaci kuma an gina wa sauro gidan sama. Ko a nan hakan na faruwa, lokacin da tattalin arziki ya karye a 2008 mutane suka bar gidaje, fulafulai suka koma kore, har hukumar gundumar Marikofa ke raba wasu ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro a zuba a ciki, saboda cutar Wes Nayil. Su wannan suke tsoro, mu kuma maleriya ce, a bayan tagar ɗakin yara.

Kar kuma a ɗauka ina cewa Amurkawa sun fi mu hankali a komai. Ni har yau abin na ba ni haushi, hamada ce fa, ruwan da ake sha wani daga kogin Kolorado ake jawo shi ta doguwar hanya, a 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin karon farko, amma ful ɗin da ba a rufe ba a garin nan yana asarar ruwa kusan ƙafa shida a shekara, rana ce kawai ke shanyewa, wato kusan duk abin da ke ciki. Las Begas ma sai a 2022 suka farga suka ce sabon ful na gida kar ya wuce murabba'in ƙafa 600. Kuma maƙwabcin nawa da ya kashe wannan uban kuɗi, watan farko kullum suna ciki har dare, yanzu in na ji ƙarar ruwa to baƙi aka yi. Ruwan dai na nan yana ƙyalli, famfo na gurnani, bil na zuwa.

Abu ɗaya ne na cire musu hula a kai, shinge. Ba a yarda aka yi filastar ƙarshe aka zuba ruwa ba sai da sufeto ya dawo ya ga shinge a tsaye. Dokar jihar nan ƙafa biyar ta ce, tsakanin sanduna kar ya kai inda ƙwallo mai inci huɗu zai wuce, ƙyauren ya rufe kansa ya kulle kansa, sakatar tana can sama inda hannun yaro ba ya kai. Na ga mutumin da idona ya buɗe ƙyauren kaɗan ya saki, bai kama ba, ya sake, bai kama ba, ya rubuta wani abu a takarda ya shiga mota, sai da aka gyara ya dawo bayan kwana biyu. Ba rashin mutunci ba ne, a ƙasar nan nutsewa a ruwa ita ce ta fi komai kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4, haka hukumar kula da cututtuka ta ƙasa ke faɗa. Faransa ma tun 2003 ta wajabta wa mai ful na gida ko shinge ko ƙararrawa ko murfi ko rumfa mai rufewa.

Da na faɗa wa Yaya wannan sai ya ce ai gidansa katanga ce doguwa ga get ga mai gadi. Na ce Yaya, Allah ya ƙara girma, katangar nan ɓarawo take tarewa, yaran da nake magana a kansu ai a cikin katangar suke kwana. Gidan da ke cika da yara, naka da na 'yan'uwa da na maƙwabta, kowa na ganin ai wani na kallonsu, uwa na kicin ta ɗauka suna wurin yayarsu, yayar na kan waya ta ɗauka suna wurin uwa. Kuma yaro in zai nutse ba ihu yake ba, ba ya fantsama ruwa kamar yadda ake nunawa a talabijin, shiru ne, kafin ka amsa sallama ka dawo an gama. Mu kuma sai mu ce ƙaddara, to ƙaddara gaskiya ce ba mai musu, amma ai ko rijiya muna yi mata murfi. Sannan cikin manyan gidan su nawa ne suka iya iyo da za su faɗa su ciro shi? Yaya kansa bai iya ba, na sani, tare muka tashi.

Ya tambaye ni na roba da ake kawowa a ƙere a jefa cikin rami, wato faibagilas, na ce yana da sauri kuma gansakuka ba ta kama shi sosai, amma sai an samu motar da za ta ɗauko shi da injin ɗaga kaya da zai tsallakar da shi katanga, in ya tsage kuma a nemo mai gyara. Na leda kuwa bayan wasu shekaru sai an canza ledar, ban ma tsaya a kansa ba.

Abin da na ce masa a ƙarshe, in dai sai ya yi, to ya yi ƙarami, rabin abin da ke ransa, zurfin kar ya wuce ƙirjin babba, ya nemo injiniyan da ya taɓa yin tankin ruwa na kankare ba birkila kaɗai ba, ya ware solar famfo daban, ya sa murfi, kuma kuɗin shinge ya fara cirewa kafin na tayil. Hotunan da ya nema ban tura ba tukuna, hoton ƙyauren maƙwabcina na tura masa da sakatar a sama. Ya buɗe, na ga alamar ya gani, sai can dare ya turo murya gajeriya yana dariya, wai shi ya ce a turo masa wurin shaƙatawa an turo masa kejin kaji, amma in tambayar masa tsayin sandunan nan nawa ne zai nuna wa mai walda.